Man Shanun Gara

Kwana bakwai da tarewar Baraka aka kawo gara gidan mijinta Labaran a Talata Mafara. Mata sun cika tsakar gida ana guɗa, ga shinkafa, ga alkaki da nakiya, ga galan guda na man shanu. Gwaggo, wadda ta riƙe Baraka tun tana goye, ita ta yi wata biyu tana tara shi. Ranar da ruwan dam ɗin Bakolori ya tashe su zuwa Bakura, ƙorensu duk sun farfashe a mota, shi ya sa ta tsinto galan a gonar noman rani, ta dirje shi da toka da yashi.

Labaran kuwa ɗalibin kemistiri ne, shekararsa ta ƙarshe a jami'a a Zariya, kuma aikinsa ke nan kullum: magungunan ƙwari da yadda suke narkewa cikin maiƙo. Ya buɗe galan ya shinshina, fuskarsa ta sauya.

"Wa ya zuba mai cikin wannan? Galan ɗin maganin ƙwari ne. Toka ba ta fitar da shi, mai kuwa jawo shi yake yi daga jikin roba. Guba ce. Wannan ai jahilci ne!"

Gaskiya ya faɗa, amma wallahi ya faɗe ta kamar mai jifan kare. A gaban dangi, a gaban maƙwabta!

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Ni ce jahila? Shekara arba'in ina kaɗa nono, wa na kashe? Ruwa ya ci gonarmu, ya ci kushewar iyayenmu, abin da ya rage shi na kawo, kai kuma ka ce guba. Baraka, ɗauko mayafinki."

"Gwaggo, ki yi haƙuri—"

"Ki wuce mu tahi. Man nan ni zan ci shi da jikokina."

Baraka ta bi ta tana kuka, don ba ta iya tsallake maganar wadda ta goya ta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce wa mijinta, "Malam, iliminka bai koya maka yadda ake magana da uwa ba? Na ji haushinka ƙwarai."

Washegari da hantsi Labaran ya isa Bakura. Aka hana shi shiga, ya zauna a ƙofar gida cikin rana har azahar ta wuce. Da Baraka ta leƙo, ya ce, "Ki roƙe ta abu guda. Kafin a sa a miya, ta ɗebi cokali ɗaya ta shafa a ganye, ta ajiye inda ƙudaje suke."

Gwaggo ta yarda ne kawai don ta kunyata shi. Ta shafa, ta ajiye kusa da turmi, ta ci gaba da tankaɗe tana faɗa. Kafin la'asar ƙudaje sun zube kewaye da ganyen, wasu suna juyi a ƙasa. Jikokinta uku na zaune da kwanoni suna jiran tuwo.

Ta daɗe tana kallonsu, hawaye na zuba. Da hannunta ta haƙa rami a bayan gida ta binne galan, sannan ta sa aka shigo da Labaran. Ya durƙusa kansa a ƙasa.

"Gwaggo, na yi kuskure. Ki gafarce ni."

"Ka yi," in ji ta. "Da taurin kaina ya kashe yaran nan, da ni da kai za mu raba alhakin, don zaginka ne ya toshe min kunne. Tashi ka ɗauki matarka."

Jama'a, ilimi ba ya ceton kowa sai ya shiga kunne, kuma ba ya shiga da zagi. Mai sani ya tausasa harshe, babba kuma ya saurara ko da gaskiyar ta fito daga bakin yaro.