Mai Shebur na Ƙarshen Gada

Bayan la'asar na ɗauki sandata na nufi bakin gada, inda masu kwasar dusar ƙanƙara suke tsayawa a nan garinmu Kargil. Tun shekaranjiya take zuba. Soronmu na laka ne, azarunsa sun tsufa kamar mu. Matata Marziya tana kwance a ƙarƙashinsu da karayar ƙugu, likita ya ce kada a motsa ta.

"Kar ka tsaya zaɓe-zaɓen nan naka, Malam," in ji ta daga cikin bargo. "Ba suruki za ka nemo ba."

"In na kawo na banza, ke za ki fara magana."

"Na banza ai ɗanka ya riga ya aiko."

Gaskiyarta. Ɗanmu Mohsin, daga can Delhi, shi ya haɗa mu da wani kamfani ta waya. Makon jiya suka zo da shebur na ƙarfe da wani inji mai feso ƙanƙara. Sun yi sauri, ba laifi. Sai dai duk abin da suka kwasa, kangon da ke bayan gidanmu suka watsa wa, ba wanda ya ce uffan. Yau kuwa wayarsu a kashe.

Rozi Ali, wanda ya tsufa yana share mana soro, ba haka yake yi ba. Kafin ya jefa ko shebur ɗaya sai ya leƙa ƙasa ya ce, "A kauce, ga kaya nan," ko da lungun ba kowa. Kangon nan kuwa bai taɓa zuba masa ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce shi ba ya zuba wa mutane kaya a ɗaki.

Na iske shi a bakin gada, wani mai shago ya riga ya ɗauke shi aiki.

"Baba Abbas, ka makara. Ka bari sai da safe."

"Azarun ba za su kai safe ba, Rozi."

Ya dubi sama, ya dube ni. "To, kar ka ɗauki wanda ba ka san ubansa ba."

Suka wuce. Gadar ta zama wayam. Kogi yana gurnani a ƙarƙashin ƙanƙara, hayaƙin murhu ya kwanta a kan gari. Ina shirin juyawa sai na hangi mutum a ɗaya ƙarshen, jingine da shebur.

A makarantar mishan ta Srinagar an koya mana duba abu kafin a karɓa, kuma ban manta ba. Na duba shebur ɗin: na katako ne, ba zai yanki laka ba. Takalmansa na gashi ne, masu taushi. Jikinsa ba nauyi. Duk abin da nake nema ga mai hawa soro, ga shi nan.

"Soro ne," na ce. "Bayan masallaci."

"Na san shi," ya ce a hankali.

Bai yi ciniki ba. Ya shige gaba, na bi shi. Ina jin takuna, ƙurus, ƙurus. Ina jin tsinin sandata. Nasa takun ne ban ji ba, na ce ai taushin takalmi ne.

Ya hau tsani, ni na shiga ɗaki. Na ƙara itace a murhu, na ɗora masa shayin gishiri kamar yadda ake yi. A masallaci aka fara kiran magariba.

Sama, shebur ya fara aiki. Shaaa. Tim. Shaaa. Tim.

Na kasa zama. Na gyara fitila, na gyara bargon Marziya, na sake gyara fitilar.

"Malam," ta ce da raɗa. "Wannan naka bebe ne?"

"Me kika ji?"

"Abin da ban ji ba dai. Bai ce a kauce ba."

Na saurara. Tim. Ba a lungu ƙarar take faɗuwa ba. A kanmu take.

Azarar tsakiya ta yi ƙara. Garin ƙasa ya zubo cikin shayin.

Na fita na kama tsani. Na hau.

Ƙanƙarar da na bari iya gwiwa, yanzu ta kai ƙirji. Mutumin yana tsaye a bakin soron, ta gefen kango. Ya miƙa shebur ƙasa, hannunsa yana ta tafiya, yana ta tafiya, har ya kai tsakar kangon. Ya ɗebo. Ya juyo ya zuba a tsakiyar sorona.

Numfashina yana fita fari. Nasa ba ya fita. Ƙanƙarar da ta sauka a fuskarsa tana nan yadda ta sauka. Wani wari ya bugo ni, na rijiyar da aka daɗe da rufewa.

"Bawan Allah," na ce, "kwashewa na ce."

"Kayanku ne. Mayarwa nake."

Shaaa. Tim.

"Ba ni na zuba ba."

"Daga soronka ya zo. Ba sallama. Muna cin abinci."

"Matata tana kwance a ƙasa. Ba ta iya tashi."

Sai ya tsaya. Ya juyo da fuskar nan da ba ta narkar da komai.

"Tawa ma," ya ce. "Tun ranar."

Ya dubi shebur ɗinsa, cike. Bai zuba ba.

"Saura wannan. Sauka."

Ban san yadda na sauka ba. Na faɗa ɗaki, na kama gefen katifar, na ja. Marziya ta cije bargo don zafi. Na ja. Katifar ta maƙale a dokin ƙofa. Na sa kafaɗa, na kira sunan Allah, na ja.

Tim.

Azarar ta karye. Laka da ƙanƙara suka rufto daidai inda kanta yake ɗazu. Fitila ta mutu. Muna kwance a zaure, ƙura a bakinmu, ina jin zuciyarta tana bugawa a hannuna.

Da safe Rozi Ali ya zo da maƙwabta. Ya leƙa kangon. An share shi tas, har baƙar ƙasa ta fito.

Na ba Marziya labari duka. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta ce, "Ka je jikin katanga ka yi musu ya mai jiki."

"Ke kuwa, tsohuwa."

"Ka je. Mai jinya ne kamarka."

Na je. Kullum da yamma sai na je, ita kuma tana sauraro daga zaure ko na faɗa yadda ya kamata. Ba a taɓa amsa mini ba.

Marziya ta kai bazara, ta ga sabon rufi, sannan Allah ya karɓi abarsa.

Da sanyi ya dawo, Mohsin ya bugo waya yana maganar wani sabon kamfani. Na ce ya bari. Ban kuma koma bakin gada ba. Duk yammacin da ƙanƙara ta taru, ina zaune ni kaɗai sai in ji shebur na katako a sama. Da safe soron tas, babu sawun kowa. Nakan ɗora shayi, ya huce a nan, ba a sauko an sha ba.

Amma kafin kowane jifa, nakan ji murya ƙasa-ƙasa a bakin soron, ta gefen lungu.

"A kauce, ga kaya nan."