Hannun Baba Tamu

"Sun hwaɗi sunan Baba a rediyo!"

Ɗanasabe ne, ɗan baffana, ya faɗo gida yana haki kamar an biyo shi da sanda. Ina tsugunne ina tsaga karan da ake ɗaure karaya da shi. Wuƙar ta kuɓuce mini.

"Wace rediyo?"

"Ta Sakkwato mana! Wai jami'a ta ba Likita Rufa'i lambar yabo kan binciken ɗori. Ya miƙe gaban manya yac ce, shi ɗalibi ne, gwanin shi ne Malam Tamu na Aliero, wanda hannunshi bai taɓa kuskure ba!"

Baba na bakin zaure. Yad dubi tafin hannunshi, yaj juya shi, sannan yat tura shi cikin riga.

Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba. A gidanmu maɗori ba a yabon hannunshi cikin taro. Kakanninmu sun ce ranar da anka yi shela da shi, ranar hannun ke mutuwa. Ko wanda ya warke, "Allah shi ƙara rufin asiri" kawai yake cewa ya wuce.

Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke Kabi ba. Rufa'i ɗan Jega ne, yana koyar da likitoci a jami'a. Shekara biyu yana zuwa gidanmu da littafi da abin awo, yana auna ƙafafun mutane kamar mai sayen yadi. Da farko ƙashi yake kallo. Daga baya na lura mai tsaga kara yake kallo, ƙashin yana cin albarkacina.

Kwana uku da shelar sai ga shi, fes da shi, da lambar cikin 'yar akwati.

"Gudiyata! Hasken idona... kin ji?"

"Na ji. Har Maiyama an ji."

"To mi ya sa fuskarki haka?"

"Likita, kai da karatunka duka, shekara biyu ba ka taɓa jin wani ya yabi Baba ba. Ba ka tambayi dalili ba?"

Yad dubi 'yar akwatin da ke hannunshi.

"Na ɗauka... na ɗauka butulci ne irin na mutane. Shi ya sa nic ce ni zan rama mishi."

"Ka rama kam."

Baba bai ɗaga murya ba. Bai iya ba ma. Ya amsa gaisuwarshi, yac ce, "Rufa'i, ka kashe mini hannu da alherinka. Wanda bai san abin da gida ke tsoro ba, ba a ba shi ɗiyar gidan. Allah shi kiyaye hanya."

Shi ke nan Baba ya daina ɗori. A kawo mai karaya daga Sabiyal ko Kashin Zama, sai ya ce a wuce gaba. Ya rame, ya koma zaman kallon albasa tana bushewa. Ɗanasabe kuwa, da ko ƙafar kaza bai iya ɗorawa, ya shiga sintiri yana cewa ai gado ba ya faɗuwa ƙasa, a ba shi ni a ba shi zaure.

Nic ce mishi, "Ka fara ɗora maganarka ta miƙe tukuna."

Kuka? Na yi. A bayan rumbu, inda ba mai gani. Ba na son a sani ne kawai.

Wata biyu munka yi haka.

Wata Talata da hantsi motar albasa ta tsaya ƙofar gidanmu. Direba yana faɗa, mutum huɗu suna sauko da wani. Rufa'i ne! Ya taso daga duba marasa lafiya a ƙauyen Karaye, nan yankinmu, bisa babur, jaki ya gitta mishi. Ƙafar dama ta karye ƙasan gwiwa.

"Na ce mu tahi asibiti, ya ƙiya!" in ji direba. "Likita guda, wai sai Aliero!"

Anka shimfiɗe shi a zaure. Gumi yake, leɓenshi ya yi fari.

Baba yac ce, "Ku ɗauke shi. Hannun da kake nema babu shi."

"Baba... ni na yi ɓarnar, a jikina za a gwada. In ya mutu, ƙafata ta bi shi."

"Kana da abokai masu yanka da ɗinki."

"Ina da su. Ba na zuwa."

Nid durƙusa kusa da kanshi. "Likita, kada ka yi wauta saboda ni..."

"Saboda wa zan yi ta, Gudiyata?"

Kun ji mutum. Ƙashi a waje, baki bai karye ba.

 Baba bai dube ni ba, yac ce, "Gudiya, kawo kara da man shanu."

Ya zaro hannun daga riga. Yat taɓa ƙafar. Yay yi bismilla, yaj ja... Rufa'i ya kwarma ihun da sai da awakin maƙwabta sunka amsa.

Kwana arba'in yana kwance a zaurenmu. Ni ke kai fura. Ba wanda ya hana, ba wanda ya ce in kai. Kafin ya cika sati biyu, masu karaya sun dawo suna layi, Ɗanasabe ya koma gonarshi.

Ranar da anka kwance karan, ya miƙe, ya taka har gaban Baba. Na ga bakinshi ya cika da yabo, na zare mishi ido. Ya haɗiye.

"Allah shi ƙara rufin asiri, Baba."

Baba yac ce, "Amin. Ka turo magabatanka."

Bayan biki da sati guda, a Jega, na kama shi a shagon baduku yana sa a ƙara mishi fata cikin takalmin dama. Ƙafar ta gaza 'yar'uwarta da faɗin yatsa. Ya san da haka tun ranar da ya fara takawa, mutumin da awo ne sana'arshi.

"Za ka rubuta wannan ma?" nic ce.

"Wanne? Ni ban ga komi ba."

Shekara tara Baba ya ƙara yana ɗori. Rufa'i bai taɓa cire takalmi a gabanshi yana tsaye ba, sai ya zauna tukuna, don kada Baba ya ga ƙafar ta gaza. Har Baba ya koma ga Allah yana cewa surukinshi ya cika ladabi.