Macijin Ƙarƙashin Rumbu

A wani ƙauye kusa da Gagarawa akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. A ƙarƙashin rumbun gidansu wani maciji yake zaune. Launinsa ruwan ƙasa ne mai sheƙi, da fararen layuka a gefen kansa.

"Wannan ba shi da dafi," in ji kakarta. "Ɓera yake ci. Nannaɗe shi yake yi, ya matse, sannan ya haɗiye. Amma kada ki taɓa shi. Kowane maciji kika gani, kira manya."

Aikin yarinyar ne rufe akurki kowace yamma. Ran nan wasa ya ɗauke mata hankali, ta manta. Da safe babu 'yan tsaki, sai sawun muzuru a kan yashi. Ta sa ƙafa ta share sawun.

"Me ya cinye su?" Baba ya tambaye ta.

"Macijin nan ne, Baba. Ni na rufe. Ta rami ya shiga."

Kaka ta ce wa Baba, "Ɗanjuma, duba cikinsa tukuna. Macijin da ya ƙoshi, cikinsa kumbura yake yi."

Baba bai saurara ba. Ya ɗauko fartanya, ya kashe shi. Cikin macijin a lafe yake. Kaka ta dubi yarinyar.

Kafin rani ya ƙare, ɓeraye sun cika gidan. Suka ɓarnata gero. Suka huda buhun irin waken Kaka.

Da ruwan shuka ya sauka, yarinyar ta tarar da Kaka tana tsintar wake cikin kashin ɓera. Abin da ta samu bai cika tafin hannu ba.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Baba, ƙarya na yi. Ban rufe akurkin ba. Muzuru ne."

Baba ya ce, "Da gaskiya kika faɗa, faɗa kawai zan yi miki. Ga shi kin sa na kashe marar laifi."

"Ka yafe mini. Kaka, ki yafe mini."

Suka yafe mata. Washegari Baba ya samo iri wajen Kawu Ubale a garin Sule Tankarkar. Kaka na saran rami, yarinyar na zuba wake. Shekarar nan waken ya yi kyau.

Yara, in kun yi kuskure ku faɗi gaskiya. Kada ku ɗora laifinku a kan wanda ba ya iya kare kansa.