Tsohuwar da Mudassir Ya Rufe da Ƙasa

Ranar wata Laraba, rana ta yi ja, Mudassir ya rataya kyamararsa ya nufi Ƙofar Durɓi. Ba abin da ya kai shi sai hoton bango.

Mutumin Maraɗi ne. Can gida da fenti yake ci, yana zana zakuna a bayan manyan motoci da kawunan aski a ƙofar shaguna, har injin buga fosta ya zo ya kashe sana'ar. Ya tattaro matarsa Furera suka ƙetaro Katsina. Da waya ya fara ɗaukar lunguna da tsofaffin zauruka yana sakawa a intanet. Sannu a hankali ya samu kyamara da kwamfuta na gwanjo, ya koyi gyaran hoto. Yanzu ga wasu masu baje kolin zane a Abuja sun nemi hotunan tsohon gari. Sharaɗinsu ɗaya ne: gini kawai, ban da mutane.

A wani lungu ya tarar da kango. Katangar jar ƙasa ce, hasken yamma ya kwanta mata kamar an shafa manja. Sai dai a bakin ƙofar akwai wata tsohuwa kan tabarma, tana tsince gero a faifai. Bai yi sallama ba, don kada doguwar gaisuwa ta cinye masa hasken. Ya ɗaga kyamara. Ta ɗago hannu, tafin a buɗe. Ya danna.

A gida ya yi abin da ya saba. Mai gyaran hoto ba ya cire mutum ya bar rami, wani gefen yake ɗebowa ya rufe. Ya ɗebo ƙasar katangar ya ɗora kan ƙafafunta, kan faifan, kan ƙirjinta. Fuskar ce ƙarshe. Sau uku yana rufewa ido ɗaya na leƙowa. A na huɗu ta ɓace. Hoto ya yi kyau, ya aika.

Washegari Furera, da cikinta wata takwas, ta farka ƙafafunta ba sa ɗaguwa. Kafin azahar ta ce ƙirjinta kamar an ɗora buhu. A asibiti aka auna ko'ina, aka ce ba a ga komai ba. Suna dawowa da la'asar ta yi tari a gefen zanenta. Abin da ya fito jar ƙasa ce, busasshiya.

Inna Kulu, dattijuwar da suke haya a gidanta, ta murza ƙasar tsakanin yatsu, ta shinshina.

"Ɗan nan, mi ka taɓa?"

Ya buɗe kwamfuta ya nuna mata hoton yadda aka ɗauka, da yadda ya mai da shi. Ta daɗe tana salati ƙasa-ƙasa.

"Kangon ga ya fi shekara talatin ba kowa. Mu ko wucewa za mu yi sai mun yi sallama. Kai ka iske ta ƙofar gidanta ba ka gaishe ta ba, ka kuma zo ka bizne ta da ranta. Daga ina ka faro?"

"Daga ƙafa, Inna."

Ta dubi Furera, wadda ta riƙe maƙogwaro da hannu biyu.

"To saura fuska. Tashi ka koma ka tono ta."

Ana kiran sallar magariba ɗan acaba ya sauke shi a bakin lungun, ya juya ko kuɗinsa bai tsaya ƙirgawa ba. Lungun ba kowa. Ko akuya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin, irin na sabon kabari, alhali an yi wata uku ba ruwan sama.

Bakin ƙofar kangon fayau. Amma yana jin gero na motsi a faifai. Shak. Shak.

Ya yi sallama. Ya sake. A ta uku aka amsa, daga cikin katangar.

Ya durƙusa ya buɗe kwamfutar. Batir ya yi ja. Da bismilla ya fara kwashe ƙasar da ya ɗora, kashi-kashi. Duk wadda ya cire a hoto, sai ya ji tana zubowa daga bangon gabansa, tana sauka kan gwiwoyinsa.

Yatsun ƙafa suka fito. A hoto, da kuma gabansa.

Faifai.

Ƙirji.

"Yi sannu," aka ce da raɗa. "Kana ƙwarzane ni."

Ya kai kan fuskar. Ya share. Bai ɗago ba.

Numfashi ya sauka a goshinsa, mai sanyi.

"Ƙasar ga da ka ɗebo, ina za ka kai ta?"

"Iya, ki yi mini rai. Matata ba ta san komai ba."

"Ba ta komawa bango. Wani za ta rufe."

"Ni ta rufe."

"Kai mai kallo ne. Zauna ka yi ta kallo." Faifan ya tsaya. "Kan matarka za ta koma, amma na bar mata numfashi."

Katangar ta yi ƙara kamar ƙashi ya karye.

Ya wuntsila baya, Ayatul Kursiyyu na tsinkewa a bakinsa. Bangon ya rufto kan kwamfutar, kan takalminsa ɗaya. Bai waiwaya ba sai da ya ga fitilun titi.

Ya iske Furera zaune tana shan kunu, Inna Kulu na yi mata fifita. Bayan sati uku ta sauka lafiya, mace, Allah Ya raya.

Ranar suna ya ɗauke su hoto, uwa rungume da ɗiya. Da ya duba, ga jaririya a naɗe cikin tawul, tsaye a iska. Inda Furera take, jar katanga ce. Aka gwada wayar Inna Kulu, aka gwada ta maƙwabta. Duk ɗaya. Malamai sun yi addu'a iya yinsu. A ido ana ganin Furera sarai, tana girkinta tana sallarta, amma ba na'urar da ke kama ta.

Mahaifiyar Furera na can Maraɗi, ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, kuma ba wanda ya iya gaya mata. Duk Juma'a sai ta sa a kira mata su ta bidiyo. Mudassir ke riƙe wayar. Tsohuwar na jin muryar ɗiyarta, tana kallon bango, tana cewa, "Matso dai, Furera. Har yanzu ban gan ki ba."