Farantin da Ya Jira Keturah

Ubangiji mai tsara hanyoyin bayinsa Shi ne Ya sa yunwa ta kama Lemuel Tarver daidai inda ya kamata ta kama shi. Tun daga Detroit yake tuƙi, kakarsa Mama Idella tana gefensa, rungume da kwalin hularta ta zuwa coci. Za ta bikin shekara na ikilisiyar da aka yi mata baftisma, a ƙaramin garin Pinder, can ƙasan Alabama. Suna dab da shiga gari ta daki kafaɗarsa.

"Tsaya nan. Ƙamshin suyar Ozella nake ji."

"Kaka, gilashin motar fa a rufe yake."

"Hancina ya girmi ubanka. Tsaya na ce."

Ɗan gidan abinci ne na katako a bakin titi. Budurwar da ta kawo musu soyayyar tarwaɗa da kuɓewa da burodin masara mai zafi ita ce Keturah, 'yar Mama Ozella mai gidan. Lemuel ya ɗaga kai zai yi godiya, sai kalmar ta ɓace masa. Da ya rasa abin faɗa, ya roƙi wuƙa da cokali mai yatsu.

"Tarwaɗa da wuƙa?" Keturah ta riƙe ƙugu. "Kaka, ina kika samo wannan?"

"Haka ake yin su a Detroit, 'yata. Yi haƙuri da shi, malamin lissafi ne, bai san komai ba."

Ya ci da hannu, ya ƙone yatsa, ta yi dariya har ta dafa tebur. Kafin su tashi ya nemi lambar wayarta, wai don kada ya ɓata a hanyar coci, alhali ga hasumiyar cocin nan ana hangowa ta taga. Ta dubi hasumiyar, ta dube shi, ta ba shi.

Da yamma ya rubuta mata: "Mai Tarwaɗa, yatsana na ciwo. Wa zan kai ƙara?"

Ta amsa: "Ɗan Birni, kai ƙarar haɗamarka. Ka zo coci da wuri ranar Lahadi. Kuma ka zo da yunwarka."

Kwanakin da suka rage kafin Lahadi, a gidan abincin nan ya ƙarar da su, yana taya ta ɓare wake, tana gyara masa riƙon wuƙar yanka ganye.

Ranar Lahadi ikilisiya ta cika har bakin ƙofa. Keturah ce ke kaɗa piyano. Tsofaffi suna kaɗa mafitai, mai wa'azi yana tuna wa jama'a alherin Allah, ana amsawa da amin daga kowace kusurwa. Lemuel ya sunkuyar da kai ya yi addu'ar da bai taɓa yin irinta ba.

Bayan sujada aka jera tebura a inuwar manyan itatuwa: soyayyun kaji, makaroni da cuku, ganyen da aka dafa da ƙyafaffen talotalo, wake, kek ɗin dankali. To, kowane yaro a Pinder ya san ƙa'idar wannan cin abinci. Matar aure ce ke zuba wa mijinta. Budurwar da ta cika faranti ta miƙa wa saurayi a gaban ikilisiya kuwa, ta faɗi abin da ke ranta. In ya ci, ya amsa mata. Mama Idella ta zagaya bayan coci ziyarar kabarin iyayenta, ba ta tuna ta gaya wa jikanta ba.

Sharmaine Odom, babbar mawaƙiyar ikilisiya, ta tako a hankali da faranti shaƙe ta ajiye a gabansa.

"Baƙonmu, ga ɗan abin taɓawa."

An koya wa Lemuel tun yana yaro cewa ƙin abincin mutane rashin tarbiyya ne. Ya yi godiya, ya yi addu'a, ya cinye tas, har ya suɗe ƙashi. Sai da ya ɗago ya lura harabar ta yi tsit. Can gefe ga Keturah tsaye, riƙe da faranti a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ta juya, ta miƙa wa wani tsoho farantin, ta shige coci.

Mahaifinta, Dattijo Hosea Mabry, babban dattijon ikilisiya, ya matso da sandarsa.

"Saurayi, kwana da kwanaki kana zaune a shagon matata kana kallon 'yata. Yau ka amsa wa wata a gaban jama'ar Allah. Na san irinku, 'yan birni: ku zo, ku ci, ku share baki, ku tafi. Kada in sake ganin ƙafarka kusa da Keturah."

A mota Mama Idella ta ji labari, ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni Idella! Ka cinye? Duka?"

"Har ƙashi, Kaka."

"Kai, wannan yaro! Ai da bakinka ka yi alkawari, ja'iri!"

Ya fara zuwa gidan su Sharmaine, ya cire hula, ya faɗa mata gaskiya ya nemi gafara. Ta harare shi, can kuma ta fashe da dariya.

"Na san ba ka sani ba. Gwada sa'ata na yi. Je ka, Allah Ya ba ka haƙurin Dattijo."

Sannan ya rubuta wa Keturah: "Ban san ma'anar farantin ba, Allah Ya sani. Da na sani, da na jira naki ko da zan kwana a wurin."

Sai da aka jima ta amsa: "Da hannuna na zaɓar maka tsokar kaza. Kowa ya gan ni tsaye kamar wawiya. A gaban mutane ka kunyata ni, Ɗan Birni. Ba a waya za ka gyara ba."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya gane gaskiya ta faɗa.

Washegari ya kamata su kama hanyar Detroit, amma Lemuel ya sauke akwatuna daga mota. A makon ne ake taron farfaɗo da ruhu, kowace yamma da sujada, kowace sujada da cin abinci a inuwar itatuwa. Ya sayi farin faranti sabo, ya zo ya zauna a ƙarshen tebur ya ajiye shi a gabansa, babu komai a ciki.

Wata tsohuwa ta kawo masa kaza.

"Na gode, Mama. Ina jiran wadda za ta zuba mini."

Wata ta zo da kek.

"Allah Ya saka, Mama. Ina jira."

Haka ya yi a yammar farko, haka ya yi a ta biyu. A garin da baƙo bai taɓa tashi da yunwa ba, wannan abu ya fi ƙarfin matan zumunta. Abinci ya daina yi musu daɗi. Keturah tana wucewa da tulun shayi mai sanyi, tana satar kallonsa, tana kallon mahaifinta, tana cije leɓe.

Saƙonta ya shigo: "Ka ci wani abu kuwa yau?"

"Biskit ɗin gidan mai. Ɗanɗanonsa kamar kwali."

"Allah Ya ƙara." Jim kaɗan wani ya biyo: "Na yafe maka tun jiya. Saura Baba."

A yamma ta gaba Dattijo Hosea ya zauna a mazauninsa, ya ɗaura ƙyalle a wuya yana jira kamar kullum. Tun ranar aurensu bai taɓa zuba wa kansa abinci a taron ikilisiya ba, kuma dattijo irinsa ya tashi ya bi layi da faranti, ai abin magana ne har shekara ta zagayo. Mama Ozella ta zo ta ajiye masa faranti wayam.

"Ozella, mene ne wannan?"

"Faranti ne, Dattijo."

"Ina abincin?"

"Baƙo na zaune da yunwa a harabar Ubangiji. Ran da ya ci, ka ci." Ta ɗauki farantin ta kai kusa da na Lemuel. "Ga ɗan'uwanka mai azumi can."

Sauran matan suka sa mafitai a baki suna ɓoye dariya. Dattijo ya duba dama, ya duba hagu, babu mai ceto. Ya ja sandarsa ya je ya zauna kusa da saurayin. Ƙamshin kaza yana ratsa su, su biyu, kowa da farin farantinsa.

"Taurin kai gare ka," in ji Dattijo.

"Na yi kuskure a gaban jama'a ne, Baba. Shi ya sa nake so in gyara a gabansu."

"In na ce a'a har ƙarshen mako fa?"

"Sai in dawo baɗi da farantin nan."

Dattijo ya dube shi. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Ita kaɗai gare mu. Duk wanda ya tafi Detroit daga garin nan, sai a akwatin gawa ko a bikin shekara muke ganinsa."

"Na je makarantar garin nan jiya, Baba. Suna neman malamin lissafi. Ban zo in ɗauke muku ita ba. Wuri nake roƙo a teburinku."

Daidai nan cikin Dattijo ya yi wata ƙara da har tebur na gaba aka ji. Mama Idella ta ce, "Amin!" Harabar ta kece da dariya, shi kansa tsohon ya kasa riƙe fuska. Ya ɗauki farantin Lemuel da hannunsa, ya ɗaga sama.

"Keturah! Zo ki zuba wa yaron nan kafin ya sume mana. Ozella, don girman Allah, ni ma a tuna da ni."

Keturah ta karɓa. Ta zuba tarwaɗa, ta zuba ganye, ta ɗora burodin masara, ta kawo ta ajiye a gabansa, idanunta cike da ƙwalla.

"In kawo maka wuƙa, Ɗan Birni?"

"A'a, Mai Tarwaɗa. Na koyi ci da hannu."

Da shekara ta zagayo aka ɗaura aurensu a wannan coci, Sharmaine ce ta ja waƙa har tsofaffi suka miƙe tsaye. Dattijo Hosea ya ɗora hannuwansa a kan ango da amarya, ya roƙi Ubangiji Ya sa tukunyarsu kada ta huce, ƙofarsu kada ta rufu ga baƙo, Ya ba su zuriya mai tsoron Allah. Ikilisiya ta amsa da amin.

Da aka fito inuwar itatuwa, Mama Idella ta buɗe kwalin hularta ta zaro farin farantin nan, ta miƙa wa amarya.

"Riƙe, 'yata. Daga yau aikinki ne. Kuma in kin ga wata ta nufo shi da abinci, kada ki tsaya kunya irin ta bara."

Keturah ta cika shi har ya yi tozo. Lemuel ya sunkuyar da kai, ya gode wa Wanda Ya sa shi jin yunwa a bakin titin Pinder, sannan ya sa hannu.