Kashin Shanu Ba Sawun Kofato

Hantsi bai gama ɗagawa ba Malama Juwairiyya ta faɗo ofishin 'yan sanda na Goronyo tana haki. Ita ce shugabar ƙungiyar sa-kai da ta dasa kurmin dogon yaro a bayan garin Rimawa.

"Yallaɓai, an sare muna itace! Samari kuma sun ce Maccido bafillace ne ya sare, za su ƙone rugar shi!"

Insfekta Uwaisu ya suri hularsa, ya yi wa kofur tsawa ya tada mota.

A kurmin ya tarar da kututture jere, ga kashin shanu ko'ina, ga samari riƙe da sanduna. Mai ɗaga murya a cikinsu Yusha'u ne, manomin albasa, wanda ƙungiya ta ɗora wa gadin wurin.

"Da idona na ga shanu nai, yallaɓai. Ga shaida nan ƙasa!"

Insfekta ya sunkuya. 'Yan ƙungiya sun yi ban ruwa jiya, ƙasa da laushi. Sawun takalma ya cika wurin, amma babu na kofato ko ɗaya.

"Duk wanda ya kusanci rugar ga, ofis zai kwana," ya ce. Ya bar kofur ya tsare su.

Ya iske Maccido tsaye gaban shanunsa, matansa sun riga sun ɗaure kaya.

"Baba, kai ka sari itacen?"

"In yi mi da shi, ɗana? Gawo nika sassaɓe ma shanu, shi ma reshe. Miƙa ma waccan ganyen ka gani."

Insfekta ya miƙa wa saniyar ganyen dogon yaro da ya tsinko a kurmin. Ta shinshina, ta kau da kai.

Ya koma kurmin da sauri, ya sa tsinke ya fasa kashin. Ga dusa, ga ƙaiƙayin shinkafa. Saniyar daji ba ta cin wannan. Abincin san kiwo ne, na ɗaure a turke. Ya juyo wurin Juwairiyya.

"Malama, wa ke kiwon sa nan kusa?"

Ta ce, "Yusha'u na da guda, na layya."

Suka ɗunguma gidansa, samari na biye. Ga sa ya yi ɓul-ɓul, turkensa an share tas. Gefe kuma ga sabon rudu, rumfar da ake shanya albasa a kai, mai dogayen ƙafafu.

"Ina ka samu sandunan ga?"

"Kasuwar Goronyo, yallaɓai. Tun bara."

Insfekta ya zaro wuƙa ya kankare ɗaya. Ɗanyen ruwa ya tsattsafo, ɗacin dogon yaro ya bugi hancin kowa.

"Itacen bara ke zubar da ruwa? Kuma sanka tashi ya yi sama ya je kurmi ya yi kashi?"

Samari suka fashe da dariya. Yusha'u ya zube ƙasa.

"Albasata ce za ta ruɓe, yallaɓai. Gara ta cinye tsohon rudu, ita ko ba ta son dogon yaro. Na kwashi kashin a kwando na watsa. Na ce bafillace ne, kowa zai yarda."

Kuma kowa ya yarda. Abin kunyar ke nan, ba na Yusha'u kaɗai ba. Dariyar samari ta mutu.

"Kai munka ba amana, Yusha'u," in ji Juwairiyya. "Da hannunka ka dasa su."

Kofur ya danna masa ankwa ya tura shi mota. Insfekta ya juyo kan samarin.

"Ku aje sandunan nan. Ku tafi ruga, ku kwance ma Baba kayan da kunka sa ya ɗaure."

Suka aje, suka tafi, kansu a ƙasa.