Kilo Ɗari da Talatin da Ɗaya

Ƙarar katako Magdalina ta fara ji kafin ta ji zafi. Katakon injin gudu na jim, wato gidan motsa jiki, ya dare a ƙarƙashin ƙafafunta, bel ɗin ya fizge ta baya, sai ga ta zube a ƙasa gwiwa na jini, a gaban mutum sama da ashirin.

Ba wanda ya miƙo mata hannu. Dariya ce ta fara tashi daga wajen samarin da ke ɗaga ƙarfe, sannan ta hango Vivian, yarinyar da ke zama a teburin bakin ƙofa, ta ɗaga waya tana ɗauka.

Oga Godwin mai jim ɗin ya taho a guje. Ita kuwa baiwar Allah har ta buɗe baki za ta ce masa ba komai, ciwon da sauƙi. Ashe ba wajenta ya nufa ba. Tsallake ƙafarta ya yi, ya durƙusa gaban injinsa yana shafawa kamar wanda mota ta bige wa akuya.

"Malama, kilo nawa ne ke?"

Ta dafe gwiwarta. Shi kuwa ya samu fili. Ya ce injin nan daga waje ya zo, kilo ɗari yake ɗauka ba ƙari, kuma masu irin jikinta titi ya kamata su bi, titi ba ya karyewa. Aka sake kwashewa da dariya.

A nan ne ta ga Zamani tsaye a bakin ƙofa, jakar kayan aikinsa a hannu. Zamani mai walda, ɗan yayar Oga Godwin, wanda duk injin da ke jim ɗin shi ke gyara shi. Zamani da ranar Lahadin da ta wuce Fasto ya karanta sunansa da nata a coci, sanarwar aure ta farko, saura biyu a ɗaura. Ta zuba masa ido tana jiran kalma ɗaya tak.

Ya sunkuyar da kai.

Wallahi da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Ta dafa bango ta miƙe da kanta, ta wuce ta gefensa tana ɗingishi, ko takalmanta na canji ba ta tsaya ɗauka ba.

Kuma fa ba gayu ya kai ta jim ba. Likita ne ya auna ta ya ce jininta ya hau, ita da ba ta cika ashirin da takwas ba, ga shi hawan jini ne ya ɗauke mahaifiyarta. Shi ya sa kullum in ta taso daga makarantar da take koyarwa a Paiko, ta gama faɗa da kwandastan da ke cewa ta cinye kujera biyu, ba ta wucewa gida Ketaren Gwari sai ta sauka Sauka Kahuta ta yi gumin awa guda. Wata uku tana haka. Ranar da ta zo yin rajista baki har kunne Oga Godwin ya karɓe ta, ba wanda ya ce mata inji yana da kilo. Mai koyar da motsa jikin ma bai taɓa tsayawa a kanta ba, yana can wajen 'yan matan da ba su da abin ragewa.

Kafin gari ya waye bidiyon ya zaga. Vivian ba ta tsaya ko'ina ba sai da ta tura shi guruf ɗin zumuntar matan cocinsu, wai don a taya 'yar'uwa da addu'a. Addu'ar me? Duk unguwa an san tun suna ƙungiyar mawaƙan coci Vivian take bin Zamani da kulolin abinci, shi kuma bai taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Ranar Laraba Mama Margaret, mahaifiyar Zamani, ta aiko a kira ta. Ba ta ba ta kujera ba. Ta dubi kujerun robar da ke tsakar gidan, ta dube ta, sannan ta nuna mata tabarma. Magdalina ta ga wannan kallon, ta haɗiye shi.

Mama ta ce ita ba ta ƙin mutum don halittarsa, amma ɗa namiji ɗaya gare ta. Ta ce an gaya mata mata masu irin wannan jiki haihuwa na ba su wuya. Ta ce ƙaninta Godwin ya yi asara, ga mutane na nuna ta da baki a kasuwa, wai surukarta ta karya ƙarfen Turawa. Don haka za ta je wajen Fasto a dakatar da sanarwa ta biyu, sai an ga abin da hali ya yi.

"Mama, shi Zamanin me ya ce?"

"Me zai ce? Ai yana wurin, da idonsa ya gani."

Ta fito titi. Kiran Zamani goma sha ɗaya ta gani a waya tun ranar Litinin, da saƙonni, Magda ki yi haƙuri, Magdata ki ɗauka. Haƙurin me, tunda da bakinsa ya kasa cewa ko sannu? Ta tari keke ta ce a kai ta shagonsa. Zobensa za ta mayar masa ta huta.

Ba ya nan, ya je sayen ƙarfe. Ta tsaya jiransa a cikin shagon, sai idonta ya sauka kan wani abu da aka jingine bayan ƙofa aka rufa da buhu. Katakon injin ne, ta gane shi da baƙin fentinsa. Ta janye buhun ta juya shi.

Tsohuwar tsaga ce a tsakiyarsa, har ta yi baƙi don daɗewa. An liƙa mata siririn katakon silin da gam da ƙananan ƙusoshi, irin wanda ko yaro ya taka sai ya lotsa. A gefe kuma ga takardar kamfanin da ya ƙera injin, manne, ba ta ko kankare ba: kilo ɗari da tamanin.

Amma ba wannan ne ya tsayar mata da numfashi ba. Zamani yana da wata ɗabi'a, duk abin da ya gyara sai ya sa ƙusa ya karce ranar da abin da ya yi a jikinsa. Haka ya yi wa ƙofar gidansu ranar da suka fara haɗuwa, har ta tsokane shi ta ce ko takardar haihuwa yake yanka wa ƙofar. To ga rubutun nan nasa a jikin katakon, na sati uku da suka wuce: gyaran wucin gadi, kada a hau.

Yana shigowa ya gan ta tsaye a kan katakon, ƙarfen da ke kafaɗarsa ya suɓuce.

"Ka sani," ta ce. "Kana tsaye ana min dariya, ka sani."

Ya fara bayani baki na sarƙewa. Ya ce shi ya gaya wa Kawu a ajiye injin sai sabon katako ya iso daga Legas, har wayar wutar ya cire ya naɗe. Kawu ne ya mayar don yamma tana yi mutane na yawa. Ya ce bayan ta faɗi Kawu ya ba shi katakon ya ce ya ƙona, ya kasa. Ya ce tun rasuwar babansa Kawu ne ya riƙe shi, shi ya kai shi koyon walda, shagon nan ma nasa ne. Ta yaya zai tsaya gaban jama'a ya ƙaryata shi?

"Ni kuma fa? Ni da sauƙin ƙaryatawa ko? Tunda ga ni ƙatuwa, duk abin da ya karye ni ce."

"Magda, don Allah..."

"Kar ka ƙara ce min Magda. Tun ina firamare kujera ba ta taɓa karyewa a aji ba sai an juyo an dube ni. Na saba, na daina kuka. Kai kaɗai na ɗauka ba ka auna ni. Ashe ka auna, ka ga kawunka ya fi ni nauyi."

Ta zare zoben, da ƙyar ma ya fita, ta ɗora shi a kan rubutun nasa. Ta ce kada Mama ta wahalar da kanta, ranar Lahadi ita da ƙafarta za ta je wajen Fasto. Ba ta ɗauki hoton katakon ba. Ba shaida take nema ba, ta riga ta san ba ita ta karya ba.

Ranar Asabar da safe, lokacin da jim ɗin ya fi cika, ta koma ɗaukar takalmanta. Ta tarar da sabon tsari. An ajiye sikeli a bakin ƙofa, irin na masu sayar da masara, an manna takarda a bango cewa duk wanda ya haura kilo ɗari ba shi ba hawa inji. Wata dattijuwa mai jiki tana tsaye a waje da jakarta, kunya ta hana ta shiga.

Vivian ta tare ta da murmushi, ta ce Anti sai an hau sikeli tukuna, doka ce.

Magdalina ta dube ta sama da ƙasa. Ta miƙa wa dattijuwar jakarta, ta hau. Allurar ta yi rawa ta tsaya, ita kuwa ta ɗaga murya yadda na can ƙurya zai ji.

"Ɗari da talatin da ɗaya. Ki rubuta, ki tura wa zumuntar mata su ƙara addu'a."

 Tana kan sikelin keke ya tsaya a ƙofa. Zamani ya fito da katakon a ka, Mama Margaret na biye da shi tana mita, don ce mata ya yi ta zo ta ga asarar ƙaninta da idonta. Ya shiga har tsakiyar jim ɗin ya kifa katakon a ƙasa, cikinsa na kallon sama.

Oga Godwin ya taso yana zare ido, ya ce ya kwashe wannan shara ya fita.

Zamani bai saurare shi ba. Ya nuna tsohuwar tsagar. Ya nuna silin ɗin, ya ce da hannunsa ya liƙa. Ya karanta takardar kamfani da ƙarfi, ya karanta nasa rubutun da ranar da ya yi shi. Ya ce ko Vivian ce ta hau ranar, da ita za ta sha ƙasa.

"Ni na yi gyaran, Kawu ya kunna, ita ta zubar da jini. Kuma ina tsaye a can na yi shiru. Wannan laifin nawa ne ni kaɗai."

Magdalina ta juya wajen Vivian ta tambaye ta ina wayar, yau ba caji ne? Samarin da suka yi dariya ranar Litinin su ne yanzu suka fito da nasu wayoyin.

Oga Godwin ya ce wa Zamani butulu, ya ce kafin la'asar ya kawo masa makullin shago. Zamani ya laluba aljihu ya ajiye masa a kan tebur nan take, dama da shi ya taho.

Mama Margaret ta matso kusa da katakon. Ta sunkuya ta danna silin ɗin da babban yatsa, ya lotsa, ya ɓalle. Ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta dubi gwiwar Magdalina da ke naɗe da bandeji, ta ɗago ta dubi ƙaninta.

"Godwin, da ƙashin bayanta ne ya karye fa? Shi ma sikeli za ka sayo?"

Ba ta ba Magdalina haƙuri ba, irin su Mama ba su iya wannan ba. Hannunta kawai ta kama ta sauko da ita daga kan sikelin, ta ce gobe ta zo da wuri, layin gaba za su zauna tare. Magdalina ta ce za ta yi tunani. Ta ɗauki takalmanta, ta yage takardar bangon ta damƙa wa dattijuwar nan, ta karɓi jakarta, ta fita ba ta ko kalli Zamani ba.

Da la'asar tana wanki ta ji ana sauke abu a ƙofar gida. Benci ne na ƙarfe, sabon fenti, walda ko'ina kamar za a ɗora masa tirela. Zamani na tsaye gefe da gumi, ya ce a shagon abokinsa ya haɗa tunda shi yanzu ba shi da shago. Ya ce kuma ya auna hanyar bayan unguwa, in ta yarda kullum da yamma su taka tare, don maganar likita tana nan.

Ta ce har yanzu haushinsa take ji. Ya ce ya sani. Ta ce ba yau zai wuce ba, ba gobe ba. Ya ce zai jira.

Ta zagaya bencin, ta leƙa ƙarƙashinsa don ta san halin mutuminta. Ga ranar ya karce da ƙusa, ga zoben ɗaure da waya a jikin ƙafar. Wajen da yake rubuta abin da ya yi kuwa ya bar shi fili.

"Shi kuma wannan kilo nawa yake ɗauka?"

"Ban auna ba, Magdata. Na daina."

Ta kwance zoben ta riƙe a hannu, ba ta sa ba tukuna. Sannan ta zauna da dukkan nauyinta, ba lallaɓawa, ba dafa bango, abin da rabonta da yi a kan kujerar wani har ta manta. Bencin ko motsi bai yi ba.

"To me ka tsaya yi?" ta ce tana share ido da bayan hannu. "Zo ka zauna, ka gaya min ƙarfe nawa za a karanta sanarwar."